Wa Ya Biya Kuɗin Jira? Martani Kan Korona Da Masu Sana'ar Baƙi

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wannan mujalla game da yadda masu sana'ar yawon buɗe ido suka yi fama da annobar korona. Alƙalaminsa yana da zaƙi, shi ya sa ma nake gudun kada jama'a su haɗiye maganar ba su tauna ba. Inda Malam ya kafa ƙafa shi ne wai annoba rariya ce: ta tankaɗe kasuwa, masu dabara da hangen nesa suka fita a gari, ragwaye suka tsaya a tsaki. A ganinsa duk otal ko kamfanin tafiye-tafiyen da ya rayu, ya rayu ne don ya koma intanet, ya juya ga 'yan ƙasa da baƙin waje suka ɗauke ƙafa, ya kuma rage ma'aikata da wuri. Wanda ya mutu kuwa ya kuka da kansa. Bai tsaya nan ba, sai da ya shafa wa kamfanoninmu na jirgin yawo da masu masaukanmu kashin kaji, ya ce sun naɗe hannu suna jiran gwamnati.

Ni dai ban gamsu ba, kuma ba kare rago nake yi ba. Akwai ragwaye a sana'ar, akwai ma macuta, zan zo kansu. Amma wanda ya bi lissafin 2020 da 2021 a tsanake zai ga cewa abin da ya raba mai tsira da mai durƙushewa shi ne wa ke da kuɗin da zai zauna shekara ɗaya da rabi ba ciniki, yana biyan haya yana biyan bashi. In aka ce wane ya samu, sai a ƙara tambaya: kuɗin wa ne? Mafi yawan lokaci amsar ba ta wuce uku. Ko na gwamnati, ko na ma'aikacin da aka sallama, ko na bawan Allahn da ya biya kuɗin tafiya bai tafi ba.

A fara tuna girman abin, don mantuwa ta soma shiga. A 2019 tafiye-tafiyen baƙi tsakanin ƙasashe sun kai kusan biliyan ɗaya da rabi. A 2020 suka faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, aka yi asarar ayyuka kimanin miliyan 62 a wannan fanni a duniya. A gasar kasuwa da muka sani, in mai saye ya bar shagonka, shagon maƙwabcinka ya tafi, sai ka gyara kayanka ka dawo da shi. A nan doka ce ta hana shi fitowa daga gida. A Nijeriya an samu mai cutar na farko ranar 27 ga Fabrairu, kafin ƙarshen Maris an rufe filayen jiragen sama ga jiragen waje, ba a sake buɗe su ba sai 5 ga Satumba. A jihar Ribas ma gwamna rushe otal biyu ya yi a watan Mayu bisa zargin karya dokar kulle. To wace dabara ce za ta cika ɗakin otal a ranar da cika shi laifi ne?

Babban gwarzon Malam shi ne Airbnb, kamfanin Amurka da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗakuna. Gaskiya ne a watan Afrilun 2020 ya fito da tsarin da mutum zai zauna a falonsa wani ya zaga da shi gari ko ya koya masa girki ta allon waya. Jaridu sun yi ta yayata wannan. Sai dai a wannan watan dai kamfanin ya ciwo bashin dala biliyan biyu, a watan Mayu kuma ya sallami ma'aikata 1,900, kwata ɗaya na mutanensa ke nan. Kafin nan ya riga ya yanke cewa matafiya su soke masauki a mayar musu da kuɗinsu cif, asarar ta faɗa kan masu gidaje da ba a shawarce su ba. Da suka yi ca, sai ya ware dala miliyan 250 ya biya su kashi 25 cikin ɗari na abin da da za su samu a ƙa'idar sokewa. Ga bashi, ga sallama, ga asarar da aka tura wa na ƙasa. Yawon allon waya ado ne aka ɗora a kai, kuma shi Malam ya gani.

Haka labarin yake in aka haura sama. TUI, kamfanin shirya hutu mafi girma a Turai, ya sha tallafi har sau uku da gwamnatin Jamus ta tsaya masa, jimilla fiye da Yuro biliyan huɗu. Lufthansa ya samu Yuro biliyan 9, gwamnati ta karɓi kashi 20 na hannun jarinsa. Kamfanonin jiragen Amurka sun kwashi dala biliyan 54 a zagaye uku don biyan albashi. A Ingila gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 na albashin ma'aikacin da aka zaunar a gida, har fam 2,500 a wata, kuma shirin bai tsaya ba sai Satumban 2021. Waɗannan fa su ne ake kafa mana misali da su a kan tsayawa da ƙafa. Mu a nan, kamfanonin jiragen ƙasar gaba ɗaya naira biliyan huɗu aka raba musu, wajen dala miliyan goma a canjin lokacin. Tallafin albashi na ƙananan masana'antu kuwa naira dubu talatin zuwa hamsin ne ga ma'aikaci, na wata uku kacal, ga mutum goma iyaka, kuma sai mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni. Wata uku, a sana'ar da aka rufe wa ƙofa kusan shekara biyu. Wanda ya ce mutanenmu sun zauna jiran gwamnati ya gaya mana me suka tarar da suka jira.

Akwai wuri guda da zan cire wa Malam hula, shi ne kamfanin jiragen Habasha. Wannan kam dabara ce ta gaske. Da fasinja ya ɓace, suka cire kujerun jiragen fasinja suka mayar da su na dakon kaya, su ne suka rarraba kayan gwaji da takunkuman fuska da attajirin Sin Jack Ma ya bai wa ƙasashen Afirka tun watan Maris na 2020, daga baya suka shiga jigilar riga-kafi. Amma a duba da kyau. Kafin annoba suna da jiragen kaya nasu, suna da katafaren rumbun kaya mai ɗakunan sanyi a Addis Ababa da suka kashe shekaru suna ginawa, kuma kamfanin na gwamnati ne, masu bin sa bashi sun san wanda ke bayansa. Jirgi yana iya ɗaukar kwali a madadin mutum. Mai jagorar baƙi a marinar Ƙofar Mata me zai ɗauka a madadin baƙo?

Yanzu bari mu dawo gida, ga sana'ar da ta fi shafarmu. In ana maganar fita waje a ƙasar Hausa, aikin Hajji da Umara su ne uwa, sauran 'ya'ya ne. Na san wasu ba sa son a haɗa ibada da yawon buɗe ido a jimla ɗaya, kuma ina girmama wannan. Amma tikiti tikiti ne, otal otal ne, mai kamfanin jirgin yawo kuma ɗan kasuwa ne mai biyan haya. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙin waje ranar 27 ga Fabrairun 2020, farkon watan Rajab ke nan. Duk wanda ya san sana'ar ya san abin da Rajab ke nufi. Umarar azumi, musamman ta goman ƙarshe, ita ce kakar shekara, kuma ba a kama ɗaki kusa da Harami a cikin Sha'aban. Tun watanni kafin nan ejan ya tattara kuɗin mutane, ya bi ta hannun 'yan canji ya mayar da su dala ko riyal, ya tura wa abokin hulɗarsa na Makka kafin alƙalami, ya kama kujeru a jirgi. Wanda ya fi hangen nesa shi ya fi biya da wuri, don ya sami farashi mai sauƙi. A shekarar nan, wanda ya fi hangen nesa shi ya fi shiga uku. Mai jan ƙafa da bai tura komai ba, kuɗin na hannunsa, shi ya kwana lafiya.

Na shiga ofishin wani ejan a Kano bayan an sassauta kulle. Shago ne mai ɗaki biyu a saman bene, hoton Ka'aba a bango, agogon bango guda biyu, ɗaya lokacin Kano ɗaya na Makka. Ya jawo aljihun tebur, fasfo ne a ciki ɗaure-ɗaure da roba, kowane ƙunshi da 'yar takarda mai sunan unguwa ko na wanda ya kawo mutanen. Wayarsa na kan tebur a kife tana ruri, bai ɗaga ba, don ya san abin da za a ce. Otal ɗin Makka ya rubuto cewa kuɗi na nan a ajiye sai an buɗe. Kamfanin jirgi ya ba shi takardar alkawarin tikiti a madadin kuɗi. A bakin ƙofa kuma ga wata dattijuwa zaune kan benci da ɗanta, ta sayar da shanu biyu ta biya, ba ta san wani abu takardar alkawari ba, ta dai san hannun wanda ta danƙa wa kuɗinta. Alhaji, ta ce masa, in tafiyar ba ta yiwu ba ai sai ka ba ni abina. Kuma gaskiyarta ce. Wannan mutum ya sayar da fili ya biya na kusa da waɗanda suka fi matsuwa, sauran ya roƙe su haƙuri. Ina so Malam ya nuna mini shafin intanet ɗin da zai buɗe ya fita daga wannan.

Hajjin ma haka. A 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka tsaya a Arfa. A watan Yunin 2020 Saudiyya ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi, su ma 'yan ƙalilan. A 2021 aka ce mutum 60,000, duk na cikin gida. Shekara biyu a jere kujeru 95,000 na Nijeriya, har da 20,000 da aka saba ware wa 'yan jirgin yawo, babu ko ɗaya. Umarar da aka buɗe wa baƙi a Nuwamban 2020 kuwa ta zo da sharuɗɗan da suka kore manyan masu zuwa: shekara 18 zuwa 50, gwaji, killacewar kwana uku a otal. Da aka dawo a 2022, Nijeriya kujeru 43,008 ta samu, aka kuma ce wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba.

A nan ne nake son mai karatu ya lura da wanda ya biya kuɗin jira. Hukumar Alhazai ta ba maniyyata zaɓi, ko a mayar maka da kuɗinka ko ka bar su zuwa baɗi. Da yawa suka bari, don mutum ya ɗaura niyya, yana kuma tsoron in kuɗin suka dawo gida hidima ta cinye su. Kujerar da take wajen naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ta koma kusan miliyan biyu da rabi a 2022, saboda naira ta faɗi, Saudiyya kuma ta ɗaga harajin kaya da hidima daga kashi 5 zuwa 15 tun Yulin 2020. Wato manomin da ya ajiye kuɗinsa shekara biyu, ba riba, ya zo ya tarar sai ya yi cikon wajen miliyan guda. Wanda yake da shekara 64 lokacin da ya biya kuwa, ko cikon ba a nema a wurinsa ba. A Turai ma haka kamfanoni suka yi ta riƙe kuɗin matafiya suna raba takardun alkawari, alhali dokar Tarayyar Turai ta ce a mayar da kuɗin tikiti cikin kwana bakwai, na hutun da aka shirya a dunƙule cikin kwana 14. Bashi ne babu ruwa, da aka ci ba tare da izinin mai shi ba. In wannan ake kira dabara, to a kira ta da cikakken sunanta.

Sai maganar komawa ga 'yan ƙasa, wadda Malam ya fi jin daɗin faɗa. Ya ce me ya hana mu cika Yankari da mutanenmu? To a duba Tailan, wadda ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, a 2021 ba su kai rabin miliyan ba. Ta juya ga 'yan ƙasa, haka ne, amma gwamnati ce ke biyan kashi 40 na kuɗin ɗakin otal. Duk da haka sansanonin giwaye na yankin Ciyan Mai sun rufe, masu kiwonsu suka taka da su a ƙasa kwana da kwanaki zuwa ƙauyukansu na asali, don babu kuɗin ciyar da dabbar da ke cin ɗaruruwan kilo na ciyawa a yini. Japan ta yi irin wannan rangwame daga Yulin 2020, cutar ta sake tashi, ta dakatar da shi a Disamba. Ko a ƙasashen da mutane ke da rarar kuɗin hutu ke nan, sai da baitulmali ya tura.

Mu kuwa a lokacin an hana ma ƙetare iyakar jiha, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, ga mace-macen da suka girgiza gari a makonnin nan, masu haƙar kabari ba sa hutawa. Sarki Aminu Ado Bayero ya hau gadon sarauta a watan Maris, amma Sallah ƙarama da babba suka wuce ba hawa. A lissafa waɗanda Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ke ciyarwa: baduku mai ɗinka kayan doki, maɗinkin alkyabba, mai naɗa rawani, makaɗa da masu algaita, mai hayar doki, mai ɗaukar hoto, direban da ke kawo baƙi daga Abuja, otal ɗin da ke cika kwana huɗu ya rufe ramin wata uku. Babu ɗayansu da ke da ma'aikatan da zai rage ko bankin da zai ranta masa. Argungu ma abin tausayi ce. Bayan kusan shekara goma ba a yi bikin kamun kifi ba, aka farfaɗo da shi a tsakiyar Maris na 2020, shugaban ƙasa da kansa ya halarta, mutanen gari suka gyara ɗakuna suna murna kasuwa ta dawo. Mako biyu ba su cika ba aka rufe ƙasa.

Da annobar ta lafa kuma, sai ga abin da Malam bai ambata ko sau ɗaya ba, wato hanya. Magidancin da zai ɗebi iyalinsa daga Abuja ko Sakkwato ya kai su wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari, lissafin farko da zai yi na garkuwa da mutane ne. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya zama mafaka, an kai masa hari ranar 28 ga Maris na 2022. A tambayi maƙeran azurfa na Agadas, waɗanda baƙin Turai suka ƙaurace wa tun tawayen 2007 da sace-sacen da suka biyo baya. Korona ta zo ta tarar da su a kwance tuntuni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yabon da aka yi wa rage ma'aikata da wuri, kamar wani gwaninta ne. Sallamar mai share ɗaki ba ta kawar da asara, gidansa kawai ta mayar da ita. Saudiyya ta biya kashi 60 na albashin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, amma 'yan ƙasa. 'Yan'uwanmu mazauna Makka da Madina, masu tura keken tawafi, matan da ke dafa wa alhazai tuwo da miyar kuka a lungunan gari, masu dako, masu aski bayan sa'ayi, ba su cikin wannan lissafi, kuma gidaje nawa ne a Kano da Damagaram ke jiran aikensu? Su ma kamfanonin da suka yi gaggawar sallama ba su sha ba. Da matafiya suka dawo a 2022 babu masu ɗaukar jaka, babu masu bincike, har filin jirgin Heathrow na Landan ya ƙayyade fasinja 100,000 masu tashi a rana a tsakiyar kakar hutu. A Ostareliya, Qantas ya kori ma'aikatan ƙasa kusan 1,700 a 2020 ya ba 'yan kwangila aikinsu, a Satumban 2023 babbar kotun ƙasar ta tabbatar cewa ya karya doka. Ma'aikacin da ya san aiki in ya koma tuƙa A Daidaita Sahu ya saba da kuɗin yau da kullum, kiran waya ɗaya ba ya dawo da shi.

To me ya yi aiki a wurin ƙananan da ba su da gwamnati a bayansu? Zama da juna a raba asara. A yankin Masai Mara na Kenya, gandayen namun daji da yawa filayen makiyaya ne da masu sansanonin baƙi ke haya. Da baƙi suka yanke, aka zauna da masu filaye, suka yarda a rage haya da rabi na wani lokaci, aka nemo rance da gudunmawa aka riƙe masu gadin daji a bakin aiki. Kowa ya ji jiki, amma ba a kafe shinge an nome gandun ba, da baƙi suka dawo sun tarar da abin kallo. A nan gida ma duk ejan da na san ya miƙe bayan annoba, abin da ya yi ke nan a ƙaramin mataki: ya je wurin mai gidan haya ya nemi sassauci, ya tara yaransa ya ce rabin albashi zan iya, ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu rasit na inda kuɗinsu yake. Waɗanda suka kashe waya suka sauya ofis, su ne macutan da na yi alkawarin zan zo kansu, kuma abin takaici, wasunsu sun tsira sarai, sun sake fenti sun sake suna. Rariyar Malam ba ta kama su ba.

Akwai kuma ɓarnar buɗe-rufe, wadda ta fi kullen farko cin jari. Kulle na farko kowa ya san a rufe ake. Amma a ce an buɗe, ka ciwo bashi ka gyara ɗakuna ka kira ma'aikata, sannan a wayi gari an rufe, wannan shi ke karya ƙashin baya. A ƙarshen Nuwamban 2021 masanan Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in Omikron, ladan da suka samu shi ne hana jiragensu sauka, daidai farkon kakar baƙinsu. Ingila ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana ranar 6 ga Disamba, ta cire ranar 15, kwana tara da suka watsa tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Nijeriya a wannan watan, mutane da biza a hannu. Tun a 2014 Gambiya ta ɗanɗana irin wannan: ko mutum ɗaya bai kamu da Ebola a ƙasar ba, amma Turawa suka soke hutu saboda a taswira kusa take da Gini. Babu mai otal a Banjul da ya yi kuskuren da ya jawo masa haka.

Malam ya rufe da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata a ce an yi tanadi. A nan muna kusa da juna, sai dai tanadin da nake nufi ba nasa ba ne. Dattawan sana'ar ba baƙin irin wannan ba ne. A 1996 Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga saboda annobar sanƙarau, a 2014 ta hana na Gini da Laberiya da Saliyo. An san ƙofa na iya rufewa. Abin da ba a yi ba shi ne rubuta, tun kafin a karɓi kuɗin mutum, wa zai ɗauki asara in ta rufe. Har yau mafi yawan cinikin Umara a garuruwanmu rasit ne guda da amana, sai kuma Allah ya kai mu. Kuɗin maniyyaci da jarin kamfani a asusu ɗaya suke kwana, da su ake biyan haya, da su ake juyawa a canji kafin lokacin biya ya zo. Ranar lafiya ba mai ganewa.

Ga abin da ƙungiyar masu jirgin yawo da Hukumar Alhazai za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Kuɗin maniyyaci ya zauna a asusu na daban da ba a taɓawa sai don tafiyarsa. Yarjejeniyar da ake yi da otal-otal na Makka da Madina ta ƙunshi sharaɗin mayar da kuɗi in hukuma ce ta rufe hanya, kuma ƙungiya ce za ta iya tsayawa a kan wannan, ejan guda mai mutum arba'in ba shi da bakin magana a gaban mai otal. Takardar da ake ba maniyyaci ta faɗa da Hausa, ba da Turancin lauyoyi ba, nawa zai dawo masa da kuma yaushe. Malesiya ta kafa asusun Tabung Haji tun 1963, kuɗin mai niyya na juyawa ta halal yana ƙaruwa yayin da yake jira. Mu sai a Oktoban 2020, a tsakiyar annobar, aka ƙaddamar da adashin gata na maniyyata a Kano tare da bankin Jaiz. Da tsarin ya girmi korona da shekara goma, da cikon da manomin nan ya yi a 2022 bai kai haka ba. Wanda ya sayar da shanu ya biya a ofishin saman bene kuwa, har yanzu rasit guda ake miƙa masa.